Turken da Ya Wuce Bakin Takarda

Shekara goma sha bakwai na yi ina buga tafireta a Sakkwato kafin a yanke jihar Kebbi, a kwaso mu 'yan asalin wannan yanki a kawo mu Birnin Kebbi. Ban zo da komai ba sai iyali da akwati biyu da girman kai. Girman kan ma shi ya fi nauyi, domin duk ofishin da na zauna ba a taɓa dawo mini da takarda an zagaye kuskure da jan biro ba, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Aka ajiye ni a wani ofishi mai kula da noman rani. Gidan haya ne mai ɗaki huɗu a wajen unguwar Nasarawa, teburina kuwa a inda masu gidan suke girki a da.

Ana nan sai kwamfuta ta zo. Tare da ita magana ta zo, wai za a rage ma'aikata, kuma masu buga tafireta da ba su iya sabuwar na'urar ba su ne a sahun gaba. Zamanin soja ne, ba a zaunar da kai a yi maka bayani, sunanka kawai za ka gani manne a bango. 'Ya'yana shida, ba ni da gona, ba ni da sana'ar hannu, gidan da nake ciki ma haya ne. Tun ranar da na ji maganar nan tsoro ya shige ni, sai dai na lulluɓe shi da fankama. Aka tura mu kwas na mako biyu, na dawo ina gaya wa kowa ai abin wasan yara ne. Gaskiyar magana, rabin abin da aka koya mana ya bi iska tun kafin in sauka daga mota.

Ga wanda bai san aikin ba, akwai abu ɗaya da ya kamata in bayyana. A tafireta muna da abin da ake kira tab. In za ka jera suna a nan, gari a can, lamba a can gaba, ba sai ka tsaya ƙirga tazara ba. Wasu 'yan ƙarafa ne da kake kafawa inda kake so a bayan keken da ke ɗauke da takarda, da ka taɓa maɓallin sai keken ya zabura ya je ya tsaya cak a wurin. Ni turke nake ce musu, don inda ka kafa nan abin zai tsaya, kamar akuya. Kwamfuta ma tana da nata turakun, sai dai babu ƙarfe, lamba kake ba ta, inci kaza daga gefen hagu na takarda. Wannan kam na gane shi tun ranar farko, shi ya sa na ɗauka na gama da ita.

Da ruwa ya janye daga fadama a shekarar, Darakta, wato shugaban ofishinmu, ya ba ni jerin manoman wani ƙauye da ke bayan Argungu, ta hanyar Augie, waɗanda za a raba wa filayen noman rani. Mutum sittin da 'yan kai. Kowane layi akwai sunan mutum, da unguwarsu, da abin da zai shuka, shinkafa ko albasa, sai can ƙarshe lambar filinsa. Darakta ya hana a sa lambar jeri a gaban sunaye, ya ce kada manomi ya ji lamba biyu ya rikice. Na tsara aikin a kan takardar fulsikaf a kwance, wadda faɗinta inci goma sha uku ne, na kafa turaku uku, na ƙarshen a inci goma sha biyu. Na fitar da gwaji, na karanta sau biyu. Ko ɗigo bai kauce ba.

Ranar Laraba aka ce direba zai kai takardar Argungu kafin azahar, don washegari da safe za a yi rabon. Na miƙa hannu cikin kwali, babu fulsikaf ko falle ɗaya. Mai sito ya kawo mini A4, ya ce daga yanzu ita ake saye, wanda bai so ba ya kawo tasa daga gida. Na zazzaga masa masifa kamar shi ya ƙera takardar, sannan na zauna na yi abin da aka koya mana a kwas: in ka sauya takarda, ka gaya wa na'ura ka sauya. Na gaya mata. Har wani daɗi na ji da na tuna yadda ake yi. Kwamfutar wancan lokaci allonta shuɗi ne da fararen haruffa, ba ta nuna maka shafi yadda zai fito, kuma abin da ke kan allon a lokacin wasiƙar da ke rakiyar jerin ce, ba jerin ba. Wutar lantarki tana ta kyaftawa, direba yana ta danna hon a waje. Firinta ta gama kukanta, na duba shafin farko na ga wasiƙa tsaf, na haɗa na danne da ƙusa. Darakta ya sa hannu ya buga hatimi bai ko ɗaga shafi na biyu ba, domin ni na buga. A ƙasan shafin ƙarshe kuma, bisa al'adar aikinmu, ga haruffan farko na sunana, alamar daga hannuna ta fita.

Da safiyar Alhamis na ɗauko kwafin ofis zan sa a fayil. Na buɗe shafi na biyu.

Ban san lokacin da na zauna ba. A4 a kwance ba ta kai inci goma sha biyu ba, ni kuwa a goma sha biyu na kafa turken ƙarshe. Turken ya wuce bakin takarda. Da na'urar ta rasa inda za ta ajiye lambar fili, sai ta sauko da ita layin ƙasa, ta ajiye ta ita kaɗai a gefen hagu. Kowace lamba ta bar mai ita, ta zo ta zauna a saman sunan wanda ke biye da shi. Mutumin farko babu komai a samansa. Lambar ƙarshe kuma babu suna a ƙarƙashinta. Na bi shafi uku da yatsa, duk haka suke, a jere, gwanin ban sha'awa, sai ka rantse da gangan aka yi.

Gumi ya keto mini. Na yi ta gaya wa kaina ai malamin gonar da ke Argungu, wanda zai yi rabon, mutum ne mai hankali, zai gane. Amma na san yadda yake aikinsa, na taɓa bin sa sau ɗaya. Tsayawa yake a kan alamar fili ya kira lamba, sannan ya kira suna. Lamba tukuna, suna daga baya. Takardar da na aika masa ta zo daidai da bakinsa.

Wayar ofishinmu ta fi wata biyu a mace. Na leƙa ɗakin Darakta, bai iso ba, na kuwa gode wa Allah da bai iso ba. Na ninke takardar gwajin nan ta fulsikaf mai lambobi daidai, na cusa a aljihu, na ce wa masinja an yi mini rasuwa a Argungu. Ƙarya ce, kuma ban ko ji nauyinta ba. A tasha mota ta ƙi cika, saura mutum biyu, na biya kuɗin kujerunsu don mu tashi. Hanyar da na sani kamar tafin hannuna, ranar nan ta ƙi ƙarewa. Duk inda direba ya tsaya sauke wani sai in ji kamar in shaƙe shi. Bakina yana addu'a, zuciyata tana lissafin kayan ɗakin da zan fara sayarwa in an kore ni. Daga Argungu na hau kabu-kabu, muka bi gefen fadama.

Tun daga nesa na hango taron, na kuma ga hannuwa a sama. Kafin in sauka daga babur sun shafa. Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi: in an raba abu a gaban mai gari aka shafa fatiha, magana ta mutu, wanda ya tayar da ita shi ne mai neman fitina. Mutane suka watse cikin filayen, wasu har sun fara tayar da kunya da fartanya.

Malamin gona ya gan ni, ya taho da fara'a, takardata a hannunsa.

"A'a, Malam, kai da kanka? Lahiya dai?"

"Lahiya lau," na ce. "Wucewa nika yi, nic ce bari in ga yadda aiki yat tahi."

"Aiki ya yi kyawo ƙwarai. Wagga na'ura taku ta san aiki, lamba bisa, suna ƙasa, awa ta san yadda nika kira. Matsala guda ɗai munka samu. Mutum na hwarko babu lamba, can ƙarshe kuma ga lamba babu mutum."

Na ce, "To ba sai a ba shi ta ƙarshen ba?"

"Wasu sun ce haka," in ji shi, ya rage murya. "To ni ina ni ina ba mutumin da kwamfuta taƙ ƙi? Ga sa hannu, ga hatimi. Wa yas san abin da anka gani ga sunanai? Gobe a ce ni nib ba shi. Mai gari yac ce ragowa ta, ya ba surukinai."

Ya nuna mini mutumin da haɓa. Dattijo ne, yana zaune a gindin wani gawo, ga fartanya a gefe, ga kwando cike da irin albasa da ya rena ya tumɓuko da safiyar nan, an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ashe shi ya sa ya zo na farko a jerin, ranar rubuta suna shi ya riga kowa zuwa. Filinsa na gaskiya, wanda ke rubuce a takardar aljihuna, shi ne na bakin ruwa, mafi kyau a wurin. Yanzu yana hannun mutum na biyu.

Na so in juya, amma dattijon ya riga ya miƙe ya nufo ni. Ya rusuna mini, ni da na yi sa'an ɗansa.

"Ɗana, an ce daga Birni kat taho."

"E, Baba."

"To don Allah ka hwaɗa mani, mi niy yi ma gwamnati? Ban taɓa shiga kotu ba. Ban taɓa cin iyakar kowa ba. In wani laihi na, a hwaɗa mani in ba da haƙuri."

Hannuna yana cikin aljihu, a kan takardar. Fitar da ita kawai zan yi in ce kuskure ne, kuma nawa ne. Sai na dubi filayen. Mutum sittin, kowa sai ya tashi daga inda aka ajiye shi. Surukin mai gari sai ya fita. Fatiha sai an warware. Malamin gona sai ya rubuta rahoto don ya wanke kansa, rahoton kuma zai bi haruffan nan da ke ƙasan shafi har teburina, a daidai lokacin da ake neman sunayen da za a manna a bango. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na zare hannuna daga aljihu, babu komai a ciki.

"Sai haƙuri, Baba," na ce. "Za a duba."

Ya yi mini godiya, har da addu'a. Na hau babur ɗin da ya kawo ni ban waiwaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Abinci ya daina wuce mini. Da Darakta ya taɓa ƙararrawa sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar ofis, sai in leƙa in ga ko daga Argungu take. A gida na zama kamar kunama, yara suna jin sallamata su ɓace. Abin da ya ƙara firgita ni, akwai jerin wasu ƙauyuka biyu na wajen Zauro da ke jirana, ni kuwa na daina yarda da na'urar, na daina yarda da kaina.

A ofishin da ke maƙwabtaka da namu akwai wata sakatariya, Hajiya muke ce mata, ta girme ni da 'yan shekaru. Sai da ta aurar da 'ya'ya sannan ta shiga aiki, ni kuwa na sha yi mata ba'a cewa bugunta kamar kaza na tsattsagar gero. Ita ce ta fi kowa iya kwamfuta a layinmu, kowa ya sani, ni kaɗai ne ban taɓa faɗa ba. Ranar Litinin na ajiye girman kai na je wurinta. Na ce wai wani abokina ne ya tambaye ni, in an sauya takarda lambobi suka faɗo ƙasa, yaya ake yi.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Abokin naka shina da sunanka?"

Ta jawo mini kujera.

"Kai ka ɗauka tahireta ta," in ji ta. "Ga tahireta kai ad da ido, kana ganin inda takarda taƙ ƙare. Wagga ba ta san komi ba sai lambar da kab ba ta. Na ƙarshen nan, daina ba shi lamba. Ce mai shi tai shi manne ga gehen dama, ko ina gehen yake."

Ta nuna mini umarnin, maɓalli biyu ne kacal. Rubutu ya zabura ya je ya lafe a gefen dama. Turakun tsakiya kuma ta ce in riƙa ƙirga su daga inda rubutu ya fara, kuma in auna su da takarda mafi ƙanƙanta da ake kawo mana, in ya shiga ƙarama zai shiga babba. Ta gaya wa na'urar fulsikaf ce, lambobi suka tsaya a layinsu. Ta ce A4 ce, suka matso ciki suka tsaya a layinsu. Duk abin bai kai a shanye kofin shayi ba. Sauƙinsa ya fi komai ƙona mini rai, na ji kamar in ɗauki na'urar in maka da ƙasa.

"Akwai wadda tah hita haka?" Hajiya ta tambaya.

Na gyaɗa kai.

"Ta mutane?"

Na sake gyaɗawa.

"To tashi ka hwaɗa ma Darakta. Yau, ba gobe ba."

Na ce to. Sai da na ƙara kwana huɗu. Kullum in isa bakin ƙofarsa da takardun, in ji ƙafata ta ƙi, in wuce kamar bayi zan je. Hajiya ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Ranar Juma'a da safe, da na ga tsoron ba zai kashe ni ba kuma ba zai sake ni ba, na shiga na rufe ƙofa. Na shimfiɗa masa takardu biyu, wadda ta tafi da wadda ya kamata ta tafi, na faɗi komai ina tsaye. Na riga na sallama aikin. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa uwar yara.

Darakta ya daɗe yana kallon takardun. Ya juya shafin da ya sa wa hannu, ya sake juyawa.

"Wa yas sani?"

"Ni ɗai na, ranka shi daɗe." Ban ambaci Hajiya ba.

"An shahwa hwatiha?"

"An shahwa."

"Sun dasa?"

"War haka sun dasa."

Ya cire hula ya shafa kai. "Malam, in wagga magana ta hita, kai za a hwara kora, ni in bi bayanka. Sa hannuna na." Ya ɗauki fulsikaf ɗin ya yayyaga, ya zuba a aljihun rigarsa, ko kwandon shara bai yarda da shi ba.

"Dattijon hwa, ranka shi daɗe?"

"Baɗi mu sa shi. Je ka yi aikinka."

Na fito. Zan faɗi abin da na ji, don ban ga amfanin rubutun nan ba in na ɓoye shi: daɗi na ji. Wani irin sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ranar na ci tuwo malmala biyu, na yi wa yara wasa. Da aka manna sunayen waɗanda aka rage, nawa ba ya ciki. Har aka riƙa turo mini sababbin ma'aikata in koya musu yadda ake kafa turke ya bi takarda, ina koyarwa ina hura hanci kamar ni na gano.

Baɗi ba ta zo ba. Kafin damina aka yi wa Darakta canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce duk wanda ke riƙe da fili ya ci gaba da riƙewa, ba za a sake rabo ba.

Wajen ƙarshen ranin nan malamin gonar ya zo ofis karɓar wasu takardu. Ina haɗa masa su, na tambaye shi, kamar abin bai dame ni ba, ko yaya dattijon nan ya ƙare.

"Wane? Au, mai albasa? Irin nashi ya lalace, ya rasa inda za shi dasa. Amma shina nan lahiya. Ƙodago shika yi ga hilin nan na bakin ruwa, mai wurin na biyanai kullum da marece."

"Allah sarki," na ce, na miƙa masa takardunsa.

Iyakar abin da na ce ke nan. Na ci albashina shekara goma sha ɗaya bayan haka, har na yi ritaya.